An saka wa yaro roba a ka, an bar uwa da jinya babu bayani

Wai don Allah a wace makarantar koyon jinya ake koyar da cewa in jariri yana amai bayan aikin kai, amsar da za a ba uwarsa ita ce "ai haka suke, ki ba shi nono"? Wannan amsar aka ba ƙanwata da tsakar dare a wani babban asibiti a nan cikin Kano, ɗanta kwance da ɗinki a bayan kunne, ga wani a ciki.

Yaron taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ke damunsa. Ruwan nan kowa yana da shi, ƙwaƙwalwar babba tana samar da kusan rabin lita kullum, ya zagaya, jini ya tsotse. In hanyarsa ta toshe, ko sanƙarau ya ɓata wurin tsotsewar, sai ya taru. Jariri kuwa ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai kai ya yi ta girma, maɗiga ta kumbura, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa, idanu su koma kallon ƙasa. Likitoci sun yi nasu, Allah ya saka musu. Sun saka siririyar roba daga cikin kai, ta bi ƙarƙashin fata ta wuya da ƙirji, tana sauke ruwan a cikin cikinsa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1956 wani injiniya a Amurka, John Holter, ya ƙera bawul ɗinta, wato abin da ke daidaita fitar ruwan, saboda ɗansa. Aikin na awa ɗaya zuwa biyu ne. Jinyar ce ta shekaru, kuma ita aka watsar.

Kan yaron nan nauyi gare shi, ba ya iya juya shi da kansa, fatar kuma ta miƙe ta yi laushi. Dole a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo ya fito inda yake kwanciya. Wa ya faɗa mana? Babu. Sai da gefen kan ya yi ja, sannan wata sista ta zo tana faɗa: "Maman yaro, ke ba kya juya shi ne?" To da yaushe kika nuna mata? Yarinya ce mai haihuwar fari, tsoron taɓa kan ma take yi kada ta goce robar. Ba a ce mata kada ta kwantar da shi a kan ɗinkin ba, ba a nuna mata yadda za ta tallafe kan in za ta shayar ba, ba a ce ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan saboda amai ba.

Awon kai kuwa, abin da tef ɗin tela da ake sayarwa a Kwari zai yi, shi ma sai an roƙa. Alhali da wannan awon ake gane ko ruwa ya sake taruwa. Hannu a taɓa wannan yaro a taɓa wancan babu wankewa, a ɗakin da kowa ya san in ƙwayar cuta ta hau robar nan, yawanci sai an cire ta an sake aiki. Mu ne kuma ke sayen safar hannu, auduga, filasta, har sirinji.

Na san za a ce ma'aikata sun yi ƙaranci, wasu sun tafi Saudiyya, wasu Ingila, dare guda mutum ɗaya na fama da ɗaki cike. Gaskiya ne, kuma akwai wata dattijuwar sista da ke aikin safe wadda har yau muna yi mata addu'a. Amma gajiya ba ta sa a yi wa uwar da ke kuka tsawa a gaban mutane, ko a tsaya ana nuna kan ɗanta ga masu wucewa. Matar nan kafin ta iso asibiti ta gama shan baƙar magana a unguwa, wannan ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce a kai wa wanzami ya tsaga.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar sallama. Takardar magani da ranar dawowa, shi ke nan. Robar nan tana toshewa, musamman a shekarar farko. In yaro ya fara amai, ko barci ya yi yawa ba ya tashi shan nono, ko zazzaɓi, ko maɗiga ta sake tashi, ko hanyar robar ta yi ja ta kumbura, ko ya fara jijjiga, ba a jiran ranar asibiti, a tari adaidaita sahu a taho ko ƙarfe nawa ne. Ƙanwata a bakin wata mai jinya ta gadon kusa ta ji wannan. Wadda ta zo daga ƙauye, ba ta dace da irin wannan maƙwabciya ba fa? Za ta ba da farasitamol ta jira gari ya waye.

Minti goma za a zauna da uwa a nuna mata da hannu. A ba ta takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, da lambar wayar da in an kira za a ɗaga. Kuɗin da muka kashe a safar hannu kaɗai ya isa a buga wa ɗakin gaba ɗaya.