Jinkirin da ya ci dattawanmu a lokacin korona

Jama'a, akwai maganar da muka rufe tun ba mu gama ta ba, kuma a ganina ba mu kyauta wa mamatanmu ba.

Duk wanda yake Kano a watan Afrilun 2020 ya san abin da ya gani. A dawo daga wannan jana'iza, kafin a zauna an aiko da sanarwar wata. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikin ya wuce yadda suka saba. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni kuma ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya fito da sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana ganin da hannun korona a mutuwarsu. Mafi yawansu sun haura shekara 65, suna kuma da wani ciwo a jikinsu tun da can. Fiye da rabi a gida suka cika.

Daga nan aka rabu biyu. Masu cewa suga ne ya kashe Alhaji, da masu cewa korona ce. Har yau idan zancen ya taso a majalisa sai an ɗaga murya. Ni kuwa wannan gardamar tana ba ni takaici, domin duka ɓangarorin biyu abu ɗaya suke faɗa ba su sani ba. Sugan da Alhaji ya shekara goma yana fama da shi, shi ne ya buɗe wa korona ƙofa. Ita kuma ta shigo ta ƙarasa cikin 'yan kwanaki abin da sugan zai ɗauki shekaru kafin ya yi.

Likitocin duniya sun gano haka tun da wuri. A watan Maris na 2020 likitocin Wuhan suka duba marasa lafiya 191 da aka kwantar, 54 daga ciki suka rasu. Abin da ya bambanta waɗanda suka rasu shi ne yawan shekaru, da yadda sassan jiki suka riga suka fara gazawa a ranar da aka kawo su, da alamar daskarewar jini a jijiyoyi. A yankin Lombardi na Italiya, cikin mutum 1,591 na farko da aka kai sashen kulawa ta musamman, kashi 82 cikin 100 maza ne, kusan rabi kuma masu hawan jini. A Ingila an bi bayanan mutum miliyan 17, aka ga wanda ya kai shekara 80 haɗarin mutuwarsa ya ninka na ɗan shekara hamsin da wani abu fiye da sau 20, kuma mai sugan da ba a shawo kansa ba ya fi mai kula da nasa shiga haɗari. Shekaru dai babu mai rage wa kansa su, ba a kansu zan tsaya ba.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai namu ne na Afirka. An yi shi a asibitoci 64 na ƙasashe 10, har da Najeriya da Nijar da Gana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town, aka wallafa shi a mujallar Lancet a watan Mayun 2021. An bi marasa lafiya sama da 3,000 da jikinsu ya yi tsanani. Kashi 48 cikin 100 suka rasu kafin cikar kwana 30, alhali a sauran duniya abin bai wuce kusan kashi 32 ba. A nan ma an ga shekaru, an ga suga, an ga ciwon ƙoda da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Amma an ga wani abu da ba ya cikin jikin mara lafiya ko kaɗan: wanda aka yi jinkirin karɓarsa saboda babu gado ko babu kayan aiki, haɗarin mutuwarsa ya ninka kusan sau biyu. Kuma kusan rabin waɗanda suka rasu, sun tafi ba a sa musu iskar oksijin ba. Ku sake karanta wannan. Cutar da ke kashe mutum ta hanyar hana shi iska, a ce rabin waɗanda ta kashe ba su sami iskar ba.

To wannan jinkirin na asibiti ne. Akwai wanda ya riga shi, na cikin gida, kuma shi ne namu.

Mun san yadda ake yi. Baba ya kwana da zazzaɓi, a ce maleriya ce, a je kemis a karɓo magani. Kwana uku bai sauka ba, a ce to taifot ne, a kira mai allura ya zo gida ya ɗaura ruwa. A haɗa da sassaƙe da tafarnuwa da sirace. Duk wannan cikin ƙauna ake yi, ban ɗora wa kowa laifin rashin kula ba. Amma korona tana da wani hali da ya yaudari har likitoci da farko. A makon farko sai ta yi kamar mura da masassara. Wajen kwana na bakwai ne huhu yake fara kumburi, ƙananan jakunkunan da ke karɓar iska su cika da ruwa, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi. Oksijin ɗin da ke cikin jini ya yi ta sauka, amma mutum yana zaune yana hira, yana amsa gaisuwa, yana cewa da sauƙi. Jikin ɗan Adam ya fi jin taruwar gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar fiye da ƙarancin oksijin, shi ya sa ba ya jin sarƙewar numfashi da wuri. Kafin ya fara haki har hankalin iyali ya tashi, ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa sun daɗe suna aiki cikin yunwar iska. Irin wannan mara lafiyar ne ake kaiwa asibiti da daddare, gari bai waye ba a ce ya cika. Sai mu ce asibiti ne ya kashe shi, na gaba ma ya ƙi zuwa.

Dole a faɗi gaskiya, tsoron yana da dalili. An ji labarin waɗanda aka kai wurin killacewa ba a bar iyali sun gan su ba, ga fargabar a hana a yi wa mamaci wanka da sallah yadda addini ya tanada. Ga dokar kulle, ga asibitoci masu zaman kansu da dama da suka rufe ko suka rage karɓar marasa lafiya saboda rashin kayan kariya. Mai suga da mai hawan jini sun rasa inda za su ga likitansu daidai lokacin da suka fi bukatarsa. Wannan nauyin yana wuyan hukuma.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne alamomin haɗarin ba sa bukatar wata babbar na'ura. Ma'aunin da binciken Afirkan ya nuna yana hasashen wanda zai rasu abu uku ne kawai: numfashi ya kai sau 22 ko fiye a minti ɗaya, lambar sama ta awon jini ta faɗo zuwa 100 ko ƙasa, sai ruɗewar hankali, mutum ya fara sambatu ko yawan barcin da ba a gane kansa ba. Agogon waya ya isa a ƙirga numfashi. Akwai kuma ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya nuna oksijin ɗin jini. Idan ya sauka ƙasa da 94 a nemi likita, ƙasa da 90 kuwa ba a kwana a gida. Sai dai a kula, wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a ƙarshen 2020 ya nuna na'urar takan ƙara wa baƙar fata maki, ta nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa. Baƙin lalle da jan farce ma sukan rikita ta. Don haka idan na'ura ta ce lafiya, ido kuma ya ga Hajiya tana haki, a bi ido.

Maganin ma da ya tabbata yana ceton rai ba mai tsada ba ne. A watan Yunin 2020 gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna dexamethasone, wani maganin rage kumburi, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Amma ga wanda bai kai ga bukatar oksijin ba, ba a ga amfaninsa ba, ga shi yana tayar da suga. Ina roƙon 'yan uwa, kada a saya a kemis a bai wa mai ciwon suga da sunan rigakafi. Indiya ta ga sakamakon haɗuwar suga da irin waɗannan magunguna a 2021, lokacin da wata muguwar cuta mai lalata hanci da ido ta kama dubban mutane. Kulorokwin kuwa da aka yi ta rububinsa, gwajin na Oxford dai ya gwada ɗan uwansa hydroxychloroquine, ya nuna bai hana mutuwa ba.

Na san za a ce mini ajali ne. Na yi imani da haka, babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, cewa ya yi daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Awon suga da kai tsoho asibiti da wuri suna cikin ƙaddarar da aka umarce mu mu nufa.

A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona, muka shafa fatiha. Ƙwayar cutar kuwa tana nan, kuma ko babu ita, ciwon huhu na sanyi yana kama tsofaffi da yara duk hunturu ta wannan hanyar dai. A gidajenmu akwai iyaye da yawa masu yawan fitsarin dare da ƙishirwa da kumburin ƙafa waɗanda ba a taɓa auna musu suga ko duba ƙodarsu ba. A kai su cikin wannan makon. Wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya ajiye don ya ji sauƙi.

Su kuma masu zuwa neman ƙuri'armu, mu daina barinsu da alkawarin sabon gini. Mu tambaye su tukunyar oksijin nawa ce cike a babban asibitin ƙaramar hukumarmu a daren nan, wa ke cika ta idan ta ƙare, akwai wutar da za ta riƙe injin tace iska har asuba, kuma ma'aikacin jinya nawa ne ke kwana a ɗakin da ya san yadda ake kifa mara lafiya rub da ciki don huhunsa ya buɗe.