Kyamarar Biki a Taron Ofis

Wani abokin aikina ne ya ja min. Muna cikin taro ta Zoom ya ce, "Malam, hazo ake yi a ɗakinka?" Kowa ya yi dariya har da oga. Kyamarar kwamfutata ce, takan nuna ni kamar hoton katin zaɓe da ya sha wanki a aljihu.

Ƙanina mai ɗaukar hoton biki ne, yana da kyamara irin ta zamani wadda ba madubi a cikinta, kuɗinta ya fi na babur ɗina. Na ce ya ara min. Ya ce, "Yaya, ba kamar cajar waya ake jona ta ba fa." Na ce yaro, ni na koya maka kunna rediyo.

Tun lokacin kullen korona a 2020 kamfanonin kyamara irin su Canon da Sony da Fujifilm suka fitar da manhajoji kyauta don a jona kyamarorinsu da kwamfuta a yi taron bidiyo da su. Na sauke ta kamfanin kyamarar, na jona da wayar USB. Shiru. Na kashe kwamfuta na kunna har sau huɗu, ina ta yi mata tofi. Ashe wayar ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar bayanai. Da na sauya, hoto ya zo, amma ina ɗaga hannu sai an jima ya ɗagu, kamar mai aiko da gaisuwa daga Makka.

Aka ce in sayi ɗan akwatin da ke karɓar hoto ta HDMI ya miƙa wa kwamfuta. Na tafi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na sayo, har da waya. Na dawo gida, baki ya ƙi shiga. Ashe ƙananan bakin HDMI iri biyu ne, akwai mini akwai micro. Ni na ce wa mai shago "ƙarami", shi ma ya ba ni ƙarami. Na sake hawa babur cikin ranar Kano.

Hoto ya fito tas, sai dai wasu baƙaƙen layuka suna ta gangarowa ta fuskata kamar jakin dawa. Na kira ƙanina, ina jin kiɗan ƙwarya a bayansa. Ya ce kyamarar daga Amurka aka kawo ta, can wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, shi ya sa ba ta jituwa da ƙwan ɗakina. "Mayar da ita PAL, tsarin bidiyon da ya dace da wutarmu, Yaya, ka sa saurin ɗauka ɗaya bisa hamsin." Na yi, layuka suka ɓace. Ban gode masa ba, kada ya raina ni.

Ranar taro na sa sabuwar shadda, na kafa hula, na ɗora kyamara a kan littattafai da gwangwanin madara. Ina shiga aka yi tsit. Na ce a raina, yau hassada za ta kashe wani.

Sai oga ya ce, "Malam, wane ne wannan dattijon?"

Kyamarar tana da dabarar neman fuska da kanta, kuma ta samu wadda ta fi kwanta mata: hoton surukina da ke rataye a bango bayana. Shi ya fito raɗau, ana iya ƙirga furfurar gemunsa, ni kuwa na koma wani farin abu a gaba kamar buhun gero. Ga shi ban kashe rubuce-rubucen allon kyamarar ba, don haka kowa yana ganin ɗan murabba'i ya kewaye fuskar Alhaji, ga lambobi a gefe, ga alamar batiri ta yi ja tana ƙiftawa.

Na gusa hagu, ta bi ni na daƙiƙa biyu ta koma wa Alhaji. Na miƙe zan sauke hoton, na manta a ƙasa gajeren wando ne. Allah ya rufa asiri, a daidai nan batiri ya mutu. Wai akwai batirin bogi da ake jonawa da wuta don dogon zama, ƙanina yana da shi a jaka, ya ce ai ban tambaya ba.

Kafin in koma kan tsohuwar kyamarata mai hazo, oga ya ce sabis ɗinsa yana yankewa, kowa ya kashe bidiyo a ci gaba da murya kawai.

Da daddare uwargida ta shigo ta ga hoton babanta jingine a ƙasa yana kallon bango. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta juyo ta ce, "Malam, me Baba ya yi maka?"