Sujadar Lahadi da teburin Litinin

Wani matashi da muke sujada tare a nan Katsina ya tare ni a bakin ƙofar coci bayan an tashi, ya ce, "Baba, ina da magana." Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, Allah ya taimake shi ya samu aiki a sashen kuɗi na wani ofis. A watansa na uku aka ajiye masa takardar biyan kuɗin wani taron bita, aka ce ya sa hannu. Taron kuwa ba a yi shi ba, kowa a ofishin ya sani. Da ya yi jim, sai na gaba da shi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai yaro ne, haka ake yi, kuma da naka a ciki." Tambayar da ya yi mini ita ce: shekara huɗu yana jagorantar addu'a a makaranta, me ya sa ba wanda ya taɓa yi masa maganar irin wannan rana?

Na kwana ina juya tambayar, kuma na yarda laifin namu ne, mu manyan ikilisiya.

Ɗalibi Kirista a Arewa yana tasowa ne cikin shinge mai kyau. Tun daga sakandare akwai zumuntar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957. A jami'a, ko a Dutsin-Ma ko Zariya ko Jos, akwai nazarin Littafi Mai Tsarki, da addu'ar dare, da abokan da za su buga masa ƙofa idan kwana biyu ba su gan shi ba. Ya zo sansanin masu bautar ƙasa da ke hanyar Mani, zumuntar Kiristoci masu bautar ƙasa ta NCCF ta karɓe shi. Ranar da ya karɓi takardar sallama sai shingen ya faɗi gaba ɗaya. Daga nan shi kaɗai ne da teburinsa, daga takwas na safe har la'asar, kwana biyar a mako. Mu kuma muna auna bangaskiyarsa da sa'o'i biyu na Lahadi: ya zo sujada? Yana cikin mawaƙa? Ya ba da zakka? Ba na jin mun taɓa tambayarsa ko yana rubuta ainihin lokacin da ya iso a rajistar ma'aikata.

Kada kuma mu raina nauyin da ke kansa. Alawus ɗin mai bautar ƙasa ya kai naira 77,000 a 2025, mafi ƙarancin albashi kuwa da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wanda ya faɗa koyarwa a makarantar kuɗi yana iya karɓar abin da bai kai alawus ɗinsa na da ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep kaɗai ya isa ya cinye rabin aljihu. A gida kuma, a ƙauyukan Kafur ko Malumfashi, uban da ya sayar da hatsi da ɗan bijimi don ya biya kuɗin makaranta yana jiran kuɗin taki, ƙanne suna jiran nasu. Sai a zo godiyar kaka a coci, a kira sunansa a lasifika a matsayin "ma'aikacinmu", a jira a ji nawa zai yi alkawari. Idan muka ɗora masa wannan kaya, sa'an nan ba mu tambayi inda kuɗin ke fitowa ba, to da hannunmu a cikin takardar bogin da zai sa wa hannu.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba, mu ne ba mu cika yin wa'azinsa ba. A Luka sura 3, masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su ajiye aiki su bi shi jeji ba. Ya ce wa masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Wato tuba ya sauko har kan rasit. Daniyel ma ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba ta bin addininsa, kuma da abokan aikinsa suka bincike shi ciki da waje, ba su sami ha'inci ko sakaci a aikinsa ba.

Wannan ya fi shafar mu a Katsina, inda Kirista sau da yawa shi kaɗai ne a ofis ko a ɗakin malamai. Abokan aikinsa Musulmi ba za su shiga coci su ji abin da fasto ke faɗa ba. Abin da za su sani game da Almasihu, daga yadda yake riƙe fayil ɗin ɗan fansho za su karanta shi. Kuma kalmar da suke auna mutum da ita mun san ta, tamu ce mu duka: amana. Na ga ma'aikaciyar jinya da ke riƙe wa abokan aikinta ɗakin marasa lafiya lokacin sallar Juma'a, su kuma su riƙe mata safiyar Lahadi. Na ga malamin da ba ya buɗe kwanon abincinsa a gaban masu azumi. Wannan shaida ce, ta fi takardun bishara da za a cusa wa mutum a aljihun tebur.

Na san akwai masu kukan cewa an danne musu ƙarin girma ko an hana su gurbi saboda suna ko addini. Inda hakan ya faru zalunci ne, a faɗe shi da babbar murya ta hanyar da doka ta tanada. Amma kukan ya fi shiga kunne idan ya fito daga bakin wanda ba a taɓa kama shi da latti ko na goro ba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar gini ko kwamiti. A kowace ikilisiya, ECWA ce ko Angilika ko Katolika, akwai tsofaffin akantoci da malamai da 'yan sanda da suka yi ritaya da mutuncinsu. A haɗa kowane sabon ma'aikaci da ɗaya daga cikinsu, wanda zai iya kira da dare ya ce, "Baba, ga abin da aka ce in yi gobe." A koya musu yadda ake ƙin abu cikin ladabi, yadda ake neman umarni a rubuce, da yadda ake gaya wa iyaye gaskiyar albashi. Wanda kuma ya rasa wani abu saboda ya ƙi ha'inci, ikilisiya ta tallafe shi kamar yadda take tallafa wa gwauraye.

Matashin nan bai sa hannu ba. An mayar da shi wani tebur da fayil ba ya zuwa, kuma wasu sun daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Lahadi mai zuwa bayan sujada zan kai shi gidan wani dattijonmu da ya yi aikin baitulmali har ya yi ritaya, su zauna su biyu.