Manja: A Sabunta Tsofaffin Gonaki, A Ƙyale Daji

Duk lokacin da farashin jarkar manja ya tashi a kasuwar Galadima da ke Kano, sai an sake tayar da tsohon zancen nan: wai Malesiya daga Najeriya ta ɗebi irin kwakwar manja, ga shi yau ita ke sayar mana da mai. Zancen yana sanyaya zuciya, amma ya kauce wa inda ciwon yake. Tun 1848 aka dasa bishiyar kwakwar manja guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java na Indonesiya, kuma a 1917 aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Malesiya. Abin da suka fi mu shi ne kula da abin da suka shuka.

A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya, tana samar da sama da kashi 40 cikin 100 na manja. Yau kasonmu bai wuce kashi 2 ba, Indonesiya da Malesiya kuwa sun riƙe kusan kashi 85. Yaƙin basasa ya ɗaiɗaita gonakin Gabas, kuɗin fetur ya zo ya ƙarasa sauran, kamar dai yadda ya yi wa dalar gyaɗa. Yanzu abin da muke matsa bai ishe mu ba, ga miya da alale da fate a gida, ga masu sabulu da taliyar yara da biskit suna layi. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da manja dalar gwamnati, aka janye hanin a 2023, giɓin yana nan. A wannan giɓin ne marasa tsoron Allah ke yin algus da rinin Sudan IV don mai ya yi ja, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Ina goyon bayan a farfaɗo da noman kwakwa, ɗari bisa ɗari. Babu amfanin gona da ke ba da mai a hekta ɗaya kamarta; waken suya sai ya ci fili ninkin-ba-ninki kafin ya kamo ta. Inda nake jin tsoro shi ne yadda ake maganar, domin da an ce manja sai a hau lissafin dubban hektocin da za a yanka wa manyan kamfanoni a Edo da Kuros Riba, inda ragowar dajinmu mai duhu yake.

Indonesiya ta bi wannan hanya. Ta sare dazuzzukan Sumatra da Borneo, ta busar da fadamu. A 2015 gobarar share gonaki ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6, hayaƙi ya rufe makarantu har a Malesiya. Mu da hamada ke cin mu ta Arewa, ba mu da dajin da za mu yi wannan caca da shi.

Kuma ba dole. Mafi yawan manjan ƙasar nan ƙananan manoma ne ke samar da shi, da yawa daga tsofaffin bishiyoyin da suka fito da kansu, sun yi tsawo, 'ya'yansu duk ƙwallo ne, tsoka kaɗan. Cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR da ke kusa da Benin, wadda tushenta ya faro tun 1939, tana da irin tenera mai siririn ɓawo da tsoka mai kauri. A filin da ake da shi yanzu, sauya iri kaɗai zai ninka mai. Sai dai dashe yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, kuma babu manomin da zai sare bishiyar da ke ciyar da iyalinsa alhali ba shi da madogara. Nan ne bashi mai dogon zango ya kamata ya shiga, ba na wata shida ba. Haka Malesiya ta yi da hukumar FELDA da ta kafa a 1956: ta ba talaka fili da dashe, ta riƙe shi har girbi.

Sai injin matsa. Kwakwar da ta kwana biyu a ƙasa man da ke cikinta ya fara tsami, kuma matsar hannu tana barin mai da yawa a cikin tuƙa. Ƙaramin inji a kowane gungun ƙauyuka, da hanyar da mota za ta bi da damina, za su ƙara jarkokin da ke isowa Galadima ba tare da an taɓa bishiya ɗaya a dajin Kuros Riba ba.