Wai Turawa suna shara

Gidan kallon unguwarmu a Gusau, in ba ƙwallon Ingila ba ne, to ba wasa ba ne. Lokacin Olamfik ɗin hunturu na Beijin a 2022, sai da na yi ta magiya kafin mai gidan ya juya tasha. Aka faɗa kan masu tura dutse bisa ƙanƙara suna goge gabansa.

Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, kuɗina zan biya in kalli Turawa suna shara?"

Aka kwashe da dariya, aka mayar da Arsenal. Alhali dutsen nan ya kusa kilo 20, gogar ce ke ƙara masa nisa. Samuel Ikpefan da ya wakilci Najeriya a tseren zamiya bisa dusar ƙanƙara kuwa, a waya na neme shi, data ta ƙare mini.