Yadda na'urar kiɗana ta gaishe da surukata

Na'urar kiɗan da na haɗa da hannuna, a cikin akwatin katako, aisi (IC, ɗan guntun lantarki mai ƙafafu) guda ne ranta: AY-3-8910, wanda kamfanin General Instrument na Amurka ya fitar a 1978. Shi da 'yan gidansu ne ke yin ƙirrin-ƙirrin ɗin nan a tsofaffin kwamfutoci irin su MSX da Amstrad CPC. Murya uku gare shi, sai ta huɗu mai shuuu. Wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Arduino ke ba shi umarni, ni kuma ina ba Arduino. Muna zaune lafiya, har ranar da shaiɗan ya raɗa mini cewa abin da ya iya kiɗa ai ya kamata ya iya magana.

Sai na yi odar ƙaninsa, SP0256-AL2, ɗan kamfani ɗaya, mai ƙafa 28. Wannan bai san kalma ko ɗaya ba. Gutsattsarin sautukan Turanci 59 aka zuba masa, da shiru iri biyar, kai ne za ka jera su ɗaya bayan ɗaya su zama zance. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, kuma muryar a miƙe take, ba hawa ba sauka. Duk da haka na ce sai ya yi Hausa ko da tsiya.

Kiristal, ɗan abin da ke saita masa saurin aiki, mai 3.12 MHz yake so. Na zagaye masu gyaran rediyo, kowa na tambaya sai ya dube ni ya ce, "Oga, wannan ai sai lahira." Wani dattijo ne ya ciro mini mai 3.58 daga cikin tsohuwar tarho ta tebur, ya ce in je in gwada. Ta yi aiki kuwa, sai dai ta ƙara masa sauri, muryar ta koma siririya kamar ta ɗan akuyan da aka shaƙe.

Akwai wani hali na aisin nan da ya kamata ku sani kafin mu je ga Hajiya. Ba ya yin shiru don kansa. In ka ba shi sauti, zai riƙe shi yana ja har sai an aiko da na gaba, ko an aiko da lambar shiru.

Uwargida ta ce mahaifiyarta na tafe ranar Asabar. Na zauna na jera gaisuwa da sunayen sautukan nasa: SS, AX, NN1, UW2, haka har "sannu da zuwa Hajiya" ta fito, wadda in ka riga ka san abin da za a ce, za ka gane ta. Na sa AY ya bi ta da ɗan kiɗa, na ajiye akwatin bayan labulen falo, na ja dogon maɓalli zuwa aljihuna.

Hajiya ta iso, aka shimfiɗa mata darduma. Na durƙusa can nesa, kaina a ƙasa, na ce, "Hajiya, an zo lafiya? Ya hanya?" Tana cikin amsawa na latsa.

Labule ya ce, "San-nu da zu-waaaaa..."

Autanmu ne, mai rarrafe, ya shiga bayan labulen ya finciko wayar da ke kai umarni daga Arduino. Lambar shiru ba ta iso ba. Wuta kuwa na nan daram, don batir na sa musamman saboda kada a ɗauke wuta a kunyata ni. "Aaaaa" ta ci gaba, AY na yi mata amshi, labule na motsi.

Ban taɓa sanin Hajiya na iya miƙewa ba tare da dafa bango ba. Kafin in ɗago ta kai tsakar gida, takalmi ɗaya a hannu, tana Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Da yaron ya rarrafo daga bayan labulen yana dariya, sai ta ƙwala wa 'yarta kira: "Ke! Ɗauko shi, sun shige shi!"

Na cire batir, na fito da akwatin, na sake durƙusawa. Na yi bayanin aisi, na yi na kiristal, har 1978 na ambata. Ba ta ko dube ni ba. Ta juya wajen uwargida ta ce, "Tun yaushe yake kwana da abin nan a ɗaki?"

Washegari ta aiko almajiri da gorar ruwan tofi, da saƙon a yayyafa wa akwatin safe da yamma. Na aika a gaya mata, cikin ladabi, cewa ruwa na taɓa shi zai ƙone. Almajirin bai jima ba ya dawo, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Hajiya ta ce ba komai, to mai akwatin ya sha."