Kuɗin nakasa a Ingila, kwanon bara a Kano

Maƙwabcina a nan Bamingham makaho ne, kuma ma'aikaci. Kullum da safe sai ka ji ƙwas-ƙwas ɗin farar sandarsa ya nufi tashar bas. Wata rana muna shan shayi ya ce min gwamnati na ba shi kuɗin PIP, wato tallafin da ake bai wa masu nakasa. Na ce, kai da kake ɗaukar albashi? Ya kwashe da dariya. Ashe kuɗin ba ruwansu da aikinka ko abin da ka tara a banki. Lissafinsu shi ne nakasa da tsada take: kuɗin tasi, na'urar da ke karanta masa wasiƙa, ladan wanda zai raka shi asibiti. Tun 2013 ake biya, daga ɗan shekara 16 zuwa shekarun fansho, kuma a 2025 wanda lalurarsa ta fi tsanani na karɓar fam 187.45 a mako.

Kada a ce ina zuga Turawa. Kafin a ba ka sai an tsitsiye ka kamar mai laifi: kana iya girki? Kana iya wanka da kanka? Kana iya taka mita 20? A 2025 gwamnatin Firaminista Keir Starmer ta so zaftare kusan fam biliyan 5 daga tallafin masu nakasa da marasa lafiya, 'yan majalisar jam'iyyarsa sama da 120 suka juya masa baya, dole ya jingine batun PIP ɗin. To amma ka ga rigimar tasu a kan nawa za a bayar ce. Mu a gida har yanzu “Allah ya ba ku mu samu” muke.

Dokar kare haƙƙin masu nakasa kam akwai a Najeriya. Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019: kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati na masu buƙata ta musamman ne, gine-ginen jama'a kuma an ba su shekara biyar su yi hanyar keken guragu. Wa'adin ya wuce. Na san aljihun Najeriya ba na Birtaniya ba ne, amma buhun siminti nawa gangaren bakin ƙofa zai ci?

Zuwana Kano na ƙarshe na je wata ma'aikata karɓar takarda. Wani gurgu, fayil a baki, silifa a tafin hannu, ya bar kekensa a ƙasa yana jan jiki a matakala. Takardar neman aiki ya kawo. Mutumin da ke gabana ya laluba aljihu, ya miƙa masa naira hamsin.